Kwanon Adisa

Tun ɗazu nake jinku kuna shirin buɗe gidan reno a Gurugu. Na ji maganar fentin bango, na ji ta ƙananan kujeru, har agwagwar da za a zana a bakin ƙofa kun yi gardama a kanta. Amma ban ji ko ɗayarku ta ambaci cin abinci ba, sai da na tambaya kuka ce ai yaro in ya ji yunwa zai ci. Haka nake zato ni ma ranar da na fara, ina budurwa, kaina cike da iska kamar naku. Ku ajiye wayoyin nan ku saurara.

Na shiga wannan aiki ne a shekarun da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu. Garin Tamale ya cika da sababbin ayyuka. Ana gina makarantu da ofisoshi, ana ɗaukar mata wanki da girki da shara, kuma a irin wuraren nan ba a yarda ki zo da goyo ba. Sai aka buɗe gidan reno a bayan kasuwa, ɗaki biyu da rumfa da murhu, aka kawo wata mata daga bakin teku ta riƙe shi. Sunanta Madam Esi. Doguwa ce, ba ta dariya da safe, Hausarta kuwa a kasuwa ta tsince ta, duk a karkace. Uwata mai sayar da tuwo ce a zango, ita ta kama hannuna ta kai ni, ta ce wa Madam na iya goyo tun ban iya ɗaura zane ba.

Madam ba ta tambaye ni goyo ba. Hannuwana ta kama ta juya, ta duba ƙarƙashin farcena, ta miƙo mini jan sabulu mai warin asibiti da ɗan buroshi. Na daɗe a gidan ban taɓa yaro ba. Wankin fo nake yi, da dafa kwanoni a ruwan zafi, da shanya tabarmi a rana. Ina komawa gida ina gunaguni, wai an mai da ni jaka. Uwata ta ce in rufe mata baki, wadda ba ta iya wanke kwano ba wa zai ba ta ɗansa.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai ƙananan kwanonin langa, da cokula, da ludayin duma na koko, da babbar tukunyar ƙarfe. Akwai tabarmi na barcin rana. Akwai kuma sikeli mai ƙugiya da aka rataye a jikin azara, da wani ɗan wando na tamfol da ake zura yaro a ciki a auna shi. Yara sun tsani wandon nan, ko hango shi suka yi sai ihu ya kaure. Da safe koko da madarar gari, da rana tuwon zafi da miyar ayoyo, wani lokaci wake da shinkafa in an samu.

Ranar da Madam ta fara ba ni ludayi, tana tsaye a kaina. Ta sa na ɗiga kokon a bayan hannuna kafin ya je bakin kowa. Ta hana ni tsayawa a kan yaro ina ba shi, ta ce in zauna ƙasa har idona ya zo daidai da nasa. Ta nuna mini yadda ake yanka loma kamar kan ɗan yatsa, a tsoma ta a miya sosai don ta wuce ba tauna. Kuma ta ce kada in kuskura in toshe wa yaro hanci in yi masa ɗura kamar yadda ake yi a gidajenmu, duk wadda ta kama tana yi, ranar za ta ɗauki mayafinta. A wajenta na koyi cewa sabon yaro mai kuka da birgima ba abin tsoro ba ne. Zai yi kukansa ya gaji, ya ga na kusa da shi yana ci, ya ja kwano. Wanda ya zauna shiru yana kallon ƙofa, shi ake sa wa ido.

Sai shekarar ƙyanda ta zo. Ba zan ja muku labarinta ba. Ta shigo da zafin bazara, lokacin da rijiyoyi suka ƙafe muna sayen ruwa a garwa, ta bi yaranmu ɗaya bayan ɗaya. Aka rufe gidan na wani lokaci, da aka buɗe kuma akwai tabarmin da muka naɗe muka jingine don masu su ba su dawo ba. Daga nan Madam ta kafa doka mai tsauri. Kowane yaro da kwanonsa, an ɗiga masa fenti a gindi don kada a haɗa. Babba ba ya sa hannu a kwanon yaro, ba ya ɗanɗana masa, ba ya cin komai a gabansa. Dokar ta yi mana maganin wani abu ma, domin a kasuwa an fara cewa mu ma'aikata muke shanye madarar yara, shi ya sa muka yi kumatu. Ni dai kumatuna na gado ne, amma wa zai tsaya jin wannan.

Bayan ƙyanda ne aka kawo Adisa. Ta ɗan haura shekara biyu, baƙa, mai manyan idanu, da ɗan zobe a kunne ɗaya. Uwarta Sanatu 'yar ƙabilar Dagwamba ce daga unguwar Nyohini, ta samu aikin wanki a wata makarantar kwana. Mijinta ya tafi Kudu aikin gona, a gida kuma ba kowa sai tsohuwar uwarta, wadda ciwon rafi ya makantar tun suna ƙauye. Da Adisa tana rarrafe, tsohuwar tana iya riƙe ta. Da ta fara gudu, sai rannan ta bi awaki har bakin titin manyan motoci, wani mai keke ya ɗauko ta. Washegari Sanatu ta kawo mana ita.

Adisa ba ta yi kuka ba. Uwar ta sauke ta, ta tafi, ita kuma ta zauna inda aka ajiye ta kamar an dasa. Ba ta rigima, ba ta cizo, in an kira ta tana zuwa. Abinci ne kawai ba ta ci. In na ajiye mata kwano sai ta dube shi, ta dube ni, ta kama wuyan hannuna da hannu biyu tana ja wajen tuwon. Sai in zare hannuna in ce a'a, naki ne, ci abinki. In na yanko da cokali na kai bakinta, ta datse haƙora ta kau da kai. Ta sake kama hannuna, in sake zarewa. Haka za mu yi ta yi har tuwo ya huce ya yi fata.

Babu dabarar da ban yi ba. Na zaunar da ita tsakanin manyan maciya biyu ko za ta yi kwaɗayi, suka cinye nasu suka waiwayo nata, ko a jikinta. Na sa mata sukari a koko. Na sayo ƙosai mai zafi a bakin hanya na ajiye mata a cinya, ta riƙe shi har la'asar, ya zama dunƙulen mai a tafin hannunta. Madam ta duba bakinta ko akwai gyambo, ta danna cikinta, ta ba ta maganin tsutsa. Lafiyarta ƙalau. Ruwa kawai take karɓa.

Na tare Sanatu da yamma na tambaye ta ko yarinyar haka take a gida. Ta dube ni kamar na zage ta. Da irin Hausarsu ta ce, "Anti Abiba, a gida yana ci fa. Yana ci sosai. Ku ne ba ku ba shi."

Kowace uwa haka take cewa, don haka ban ɗauka da muhimmanci ba. Amma ko da gaske ne, ci ɗaya da magariba ba ya riƙe yarinya mai wuni tana yawo, ballantana sau da yawa tana yin barci a bayan uwarta tun kan hanya, a kwantar da ita haka nan. Sikeli kuma ba ya jin kunyar kowa. Duk sanda muka zura ta a wandon tamfol, allurar tana komawa baya. Wuyanta ya fito, zoben kunnenta ya zama kamar ya yi mata yawa.

Wata safiya Sanatu ta zo idanunta a kumbure. Ta ja ni bayan rumfa ta ce yayar mijinta ta zo daga ƙauye ta ga yarinyar. Ku da kuka tashi a zango ba lalle ku san wannan ba. A wajen Dagwamba, 'yar'uwar uba, wadda suke kira piriba, tana da haƙƙin ɗaukar 'yar ɗan'uwanta ta rene ta har aure. Ba mugunta ba ce, zumunci ne, mata da yawa da na sani a hannun gwaggonsu suka tashi kuma sun gode. Sai dai akan bari yarinya ta ɗan tasa. Wannan gwaggo, Napari sunanta, ta ga ƙashin wuyan Adisa ta ce ba za ta jira ba. Za ta koma ta gama haƙar doya, in ta dawo ta tarar da yarinyar haka, a bayanta za ta tafi da ita, kuma dangin miji duk sun goyi bayanta.

"In na bar aiki, me za mu ci?" in ji Sanatu. "In ban bari ba, za su ɗauke shi. Shi kaɗai ne gare ni, Anti."

Na gaya wa Madam. Ta kaɗa cokali a tafin hannu, ta ce tunda uwar ta nace a gida tana ci, to sai ido ya gani. Ta ce in goya yarinyar da wuri in kai ta gida da kaina, in zauna har a ci abinci, kada in yi magana, kada in taya, in kalla kawai.

Na isa Nyohini da la'asar sakaliya. Gida ne na zagayayyun ɗakuna, tsakar gida a daɓe sumul. Tsohuwar tana zaune a kan buzu a bakin ƙofarta, fuskarta a ɗage sama kamar yadda makafi kan yi. Muka gaisa da Dagbanci, na ce ni ce ta gidan reno. Kafin in kwance majanyi Adisa ta fara zillo, ina sauke ta ta ruga ta faɗa jikin kakarta. Ashe tana da baki! Surutu take zubawa kamar an kunna rediyo, ni da na yi zaton ko sunanta ba ta iya faɗa ba.

Sanatu ta dawo, ta tuƙa tuwo, ta zuba a ƙwarya ɗaya da miyar kuka a gefe, ta dire a gaban tsohuwar ta koma wajen murhu ba ta ko waiwayo ba. Adisa ta gyara zama. Ta kama wuyan hannun kakarta da hannu biyu, ta ja shi a hankali ta ɗora a kan tuwon. Tsohuwar ta yi bisimilla ta yanki loma. Yarinyar ta sake jan hannun ta kai shi wajen miya. Ta tsaya tana kallon bakin kakar har ta haɗiye, tsohuwar ta yi gyaran murya ta ce ya yi daɗi. Sai a lokacin Adisa ta sa nata hannun. Ta ci tuwon nan kamar mai huce haushi, har tana lasar yatsu.

Na tambayi Sanatu tun yaushe suke haka. Ta ɗaga kafaɗa ta ce tun yarinyar ta iya zama, wasa ne tsohuwar ta koya mata har ya zama jiki, ita ma ta daina lura. Tsohuwar ta yi dariya ta ce ai ita ta san inda ƙwarya take sarai, ƙamshi ma ya isa ya nuna mata, amma in ta riga ta kai hannu da kanta 'yar nan fushi take yi. A wajen Adisa ci yana farawa ne da kai hannun babba cikin kwano. Mu kuma dokarmu ta hana babba kusantar kwanon yaro. Ita tana jira mu fara, mu muna jira ta fara, tuwo yana hucewa a tsakaninmu.

Da sassafe na kwashe duka na gaya wa Madam. Na zaci za ta ce doka doka ce, don na san abin da ƙyanda ta yi mata a zuciya. Ta daɗe tana kallon jerin kwanonin. Can ta ce, "Ni na sa doka don yara ya rayu. Wannan yana mutuwa da doka. Kawo sabulu."

Ita ta tsara yadda za a yi. Zan wanke hannu da jan sabulu har gwiwa, ta duba farcena da kanta. Za a ƙara ɗan tuwo daga rabona a kwanon Adisa, don kada a ce na ci na yaro. Loma ɗaya zan ci, ba ƙari. Kuma ta tara iyaye mata da yamma ta gaya musu da bakinta, don kada labari ya isa kasuwa da wata kama.

Da rana ta yi na zauna a ƙasa na ajiye kwanon, na bar hannuna a kan gwiwa. Adisa ta dube ni da shakka, don na sha zare mata shi. Ta taɓa, ta ga ban janye ba. Ta kama da hannu biyu ta kai kan tuwo, ta kai wajen miya. Na yi bisimilla na ci, na ce ya yi daɗi. Ta zuba wa maƙogwarona ido har ta ga ya motsa. Sannan ta sunkuya ta fara ci. Madam tana bakin ƙofa, ta juya da sauri ta shiga ɗaki wai za ta duba madara.

Kada ku ɗauka daga ranar komai ya miƙe. Akwai ranakun da ta ci rabi ta ture. Zawo ya kama ta sau ɗaya ya mai da mu baya. Sauran yaran kuma suka ga abin sha'awa, kowa ya fara jan hannuna, sai da Madam ta tsawatar, in ba haka ba da kumatun nan nawa sun tabbatar da zancen kasuwa. Amma allurar sikeli ta daina ja da baya, ta tsaya, sannan ta fara hawa kaɗan-kaɗan. Adisa ta fara wasa, ta fara ƙwace wa yara 'yar tsana, har ta ciji wani. Ban taɓa murna da cizo ba sai ranar.

Sabuwar doya ta cika kasuwa, Napari kuwa ta cika alkawari. Ba ta tsaya a gida ba, gidan reno ta zo kai tsaye da tsakar rana, Sanatu na biye da ita, ta baro wankinta a jiƙe. Gwaggon gajeriya ce ƙaƙƙarfa, ƙafafunta sun yi furu-furu da tafiya, ta rataye sabon zanen goyo a kafaɗa. Ba ta yi dogon gaisuwa ba. Ta ce a kawo mata 'yar ƙaninta. Yarinyar kuwa ta farfaɗo, amma ba ta yi ƙibar da za ta rufe bakin mai neman dalili ba.

Lokacin cin abinci ne, yara duk suna kan tabarma. Madam ta sa na gaya mata da Dagbanci cewa a nan ba a ɗaga yaro daga kan kwano, ta zauna ta jira a gama. Ta kuma miƙa mata sabulu da ruwa, ta ce duk mai zama kusa da abinci sai ya wanke hannu. Napari ta harare ta, amma ta wanke. Ta zauna daf da Adisa tana ƙare mata kallo.

Na ajiye kwano na miƙa hannuna kamar kullum. Adisa ta dubi hannuna, ta dubi na baƙuwar, mai jijiyoyi da tamoji irin na kakarta. Sai ta bar nawa ta kama na Napari da hannu biyu. Gwaggon ta so ta fizge, ta dai bari don ta ga ƙarshen abin. Yarinyar ta ɗora mata hannu a kan tuwo, ta kai shi miya, ta tura shi wajen bakinta, ta tsaya tana jira. Napari ta ci don kunya. Sannan Adisa ta duƙufa.

"Wannan kuma mene ne?" in ji Napari. "Ta ɗauka ba na gani?"

Ni na yi mata bayani. Na gaya mata yadda suke ci da tsohuwar, da yadda ba ta taɓa sa hannu sai ta tabbata kakarta ta haɗiye. Napari ta zauna har yarinyar ta suɗe kwano. Ta kama damtsenta ta matsa, ta ja fatar idonta ta leƙa, ta ɗaga ta sama ta jijjiga kamar mai gwada nauyin doya. Ta sauke ta.

"Da sauranta," in ji ta. "Amma in na tafi da ita yau, wa zai kai wa tsohuwa hannu kan tuwo?"

Ta zare zanen goyon daga kafaɗarta ta ninke, ta ɗora a cinyar Sanatu, ta ce a riƙa goya yarinyar da shi, wancan ya tsufa. Ta ce maganar ɗauka a bar ta sai yarinya ta yi wayo, lokacin a zauna a yi shawara. Ta yi mana sallama ta fita neman motar ƙauyensu.

Sanatu ba ta iya raka ta ba. Ta zame ta zauna daɓas a tsakiyar tabarmar yara, zanen a ƙirjinta, tana dariya hawaye na zuba. Yaran suka kewaye ta suna kallo. Da ta samu numfashi sai ta ɗago ta dube ni.

"Anti Abiba, akwai saura a tukunya? Tun da aka ce piriba yana zuwa ban ci komai ba."

Na kankaro mata ƙanzon duka na zuba miya a kai, ta zauna a nan ƙasa ta cinye tas.